Tambayoyinku: Na'urar Zaɓe Mai Allon Taɓawa, Tsaronta, Kuɗinta da Wanda Take Bari a Baya

Wasiƙun wannan makon duk a kan abu ɗaya suka taru, wato na'urar da mai zaɓe ke taɓa fuskarta da yatsa maimakon ya dangwala wa takarda. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe masu kama da juna.

Tambaya: Salamu alaikum. Ni dai na ɗauka BVAS ɗin da aka yi amfani da ita a 2023 ita ce na'urar zaɓen. Akwai wata daban ne? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. BVAS ba ta karɓar ƙuri'a. Aikinta tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, sai kuma ɗaukar hoton takardar sakamako ta EC8A bayan an gama ƙirga. Ƙuri'ar kanta takarda ce da ka dangwala ka jefa a akwati.

Na'urar da ake magana a kai iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin duk abin da za mu faɗa a ƙasa. Ta farko tana ajiye zaɓinka a cikin ƙwaƙwalwarta kawai, da yamma ta fitar da jimilla. Idan an haɗa mata ƙaramar firinta, takan buga zaɓin a bayan gilashi ka gani. Ta biyu ba ta ƙirga komai: ka zaɓa a allo, ta buga maka takarda, kai ka kai takardar akwati ko na'urar karanta ƙuri'a. Irin ta farko ce ta cika Amurka bayan rikicin zaɓen shugaban ƙasa a Jihar Florida na shekarar 2000, lokacin da ƙuri'u 537 suka raba Bush da Gore, majalisa kuma ta yi doka a 2002 ta ware kuɗi don sauya tsofaffin na'urori. Irin ta biyu ce Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yi amfani da ita a 2018. A gida kuma, Jihar Kaduna ta gwada zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura a watan Mayun 2018 da Satumban 2021. Na'urorin Indiya da na Brazil, da ake yawan kafa hujja da su, maɓallai gare su da ake dannawa, ba allon taɓawa ba.

Tambaya: An ce ba a haɗa waɗannan na'urori da intanet. To ta ina mai kutse zai shiga? Daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Zariya.

Amsa: Ta ƙofar da jerin 'yan takara ke shiga. Kafin kowane zaɓe, akwai kwamfuta ɗaya a ofishin hukuma da ake tsara fasalin ƙuri'a a kanta: sunaye, alamun jam'iyyu, da wurin da kowa zai zauna a allo. Daga nan a kwafi tsarin a katin memori ko filashi, a bi na'urori ɗaya bayan ɗaya ana saka musu. Bayan zaɓe katunan su dawo ga wannan kwamfuta ɗauke da sakamako. Wanda ya samu damar taɓa kwamfutar nan, ko kati ɗaya a hanya, ya taɓa duk na'urorin da katin zai ratsa.

An nuna wannan a aikace. A 2006 masu bincike a Jami'ar Princeton suka samu na'urar Diebold AccuVote-TS, suka nuna cewa minti ɗaya ya isa a buɗe murfin katin a saka muguwar manhaja. Manhajar tana kwashe ƙuri'u daga wani ɗan takara zuwa wani ba tare da jimillar ta canza ba, tana kuma bin katin memori ta kama na'ura ta gaba. Makullin murfin ma irin na kowa ne, ana samunsa a jikin kayan ofis da ƙananan firji na otal. A Jihar Virginia kuma, a 2015 hukuma ta soke amfani da na'urar WinVote bayan an gano tana da Wi-Fi, kalmar sirrinsa kuwa abcde. Mutum na iya zama cikin mota a waje ya shiga.

Za ka ce ai ana gwada na'ura kafin zaɓe. Ana yi, kuma gwajin yana da amfani wajen kama kuskuren tsari, kamar a musanya sunaye biyu. Amma muguwar manhaja tana iya duba agogon na'urar, ko ta lura cewa ƙuri'u 50 kawai aka jefa cikin 'yan mintuna, ta gane gwaji ake yi, ta yi lamo. Sai ranar zaɓe ta fara aiki, ta goge kanta kafin a rufe.

Akwai kuma sirrin ƙuri'a. A Holan, a 2006, an gano cewa ana iya kama siginar da wasu na'urori ke fitarwa daga nesa a san abin da mutum ya zaɓa. Aka janye na'urorin kamfanin SDU masu allon taɓawa ana saura makonni kaɗan zaɓe, daga baya ƙasar ta koma takarda da jan fensir baki ɗaya.

A yi adalci dai: nuna cewa ana iya yin abu daban, tabbatar da cewa an yi shi daban. Damuwar masana ita ce, da na'ura marar takarda, ko an yi ko ba a yi ba, babu abin da za a ɗauko a nuna wa wanda ya faɗi zaɓe. Kan wannan ne Kotun Tsarin Mulkin Jamus ta tsaya a watan Maris na 2009, inda ta ce dole ɗan ƙasa ya iya bin yadda aka ƙirga ƙuri'a ba tare da ilimin kwamfuta ba.

Tambaya: Na ga bidiyon wani yana taɓa sunan ɗan takara, na'ura tana zaɓar na kusa da shi. A sana'armu mun san tach yana yin haka. Maguɗi ne ko lalacewa? Daga wani mai gyaran waya a Kano.

Amsa: Maigida, ka fi kusa da amsar fiye da yawancin masu yaɗa bidiyon. Tsofaffin na'urorin suna da allo mai shimfiɗa biyu, da 'yan ɗigogi a tsakani da ke hana su haɗuwa. Idan ka danna, shimfiɗun su haɗu, na'ura ta auna ƙarfin lantarki a wurin ta lissafa inda yatsa yake. Da shekaru, da zafin sito, da jijjigar mota, gam ɗin da ke riƙe shimfiɗun yakan saki, lissafin ya goce da santimita ɗaya ko fiye. Idan sunaye suna manne da juna, wannan ya isa. Maganinsa a sake saiti: na'ura ta nuna alamu a kusurwoyi da tsakiya, ma'aikaci ya taɓa kowace da tsinken allo, sannan ya gwada kowane suna ɗaya bayan ɗaya. Idan ta sake gocewa, a rufe ta a rubuta lambarta. Tsayin mutum ma yana shiga ciki, domin dogo da ke kallon allon daga sama ba inda gajere ke gani yake gani ba. Ɓarawon ƙuri'a mai hankali kuwa ba zai nuna maka satarsa a allo ba. Zai bar allon ya nuna daidai, ya canza abin da ake ajiyewa.

Abin da ya fi cin ƙuri'u shi ne kuskuren da ba ya ihu. A Gundumar Sarasota ta Florida, a 2006, kusan mutum 18,000 suka fita ba tare da an rubuta musu zaɓi a takarar ɗan majalisar wakilai ba, ratar kuwa ƙuri'u 369 ce. An ɗora takarar a saman shafi ɗaya da ta gwamna, wadda ta fi ɗaukar ido, kuma masu nazari da yawa sun ɗora laifin a kan wannan tsari. A Finlan, a 2008, ƙuri'u 232 suka ɓata a ƙananan hukumomi uku saboda mutane sun zare katinsu kafin tabbatarwar ƙarshe ta shiga, kotu ta sa aka sake zaɓen. A Gundumar Carteret ta North Carolina, a 2004, an shaida wa jami'ai cewa na'urar tana ɗaukar ƙuri'u 10,500, alhali an saita ta a kan 3,005. Ta cika, mutane suka ci gaba da zaɓe, ƙuri'u sama da 4,400 suka tafi babu hanyar dawo da su.

Tambaya: Idan na'urar tana buga takarda, ai magana ta ƙare ko? Daga wata lauya a Kaduna.

Amsa: Barista, rabin magana ce ta ƙare. Takardar tana zama hujja ne idan abu uku sun cika: mai zaɓe ya karanta ta, ta tsira har ranar da za a neme ta, kuma an ƙirga ta da hannu ko da wani ɓangare ne.

Na farkon ya fi wuya. A wani gwaji da Jami'ar Michigan ta fitar a 2020, an sa mutum 241 suka yi zaɓen gwaji da na'urorin da aka saita su canza abu ɗaya a kowace takarda. Kashi 40 cikin 100 ne kawai suka duba takardar, waɗanda suka sanar da ma'aikata kuskuren kuwa ba su kai kashi 7 ba. Adadin ya ƙaru da aka sa ma'aikaci ya tsaya kusa da akwati yana ce wa kowa ya duba takardarsa kafin ya jefa. Saboda haka wannan tunatarwa aiki ce da ya kamata a rubuta ta cikin ƙa'ida, a ba wani mutum takamaimai. Akwai kuma na'urorin da ke buga sunaye don idonka, su buga lambar QR don na'urar ƙirga. Abin da ka karanta daban, abin da aka ƙirga daban, kuma babu mai iya karanta QR da ido. A shari'a, tambayar farko ita ce wanne doka ta ɗauka a matsayin ƙuri'a idan suka saɓa.

Na biyu, yawancin ƙananan firintocin nan da zafi suke rubutu, irin takardar rasit ɗin POS, wadda kowa ya san yadda take dushewa idan ta kwana biyu a aljihu ko ta sha rana. Dokar tarayyar Amurka ta ce a ajiye kayan zaɓe wata 22. A Gundumar Cuyahoga ta Ohio, binciken da aka yi bayan zaɓen fid da gwani na 2006 ya samu kusan kashi 10 cikin 100 na naɗin takardun sun lalace, ko babu rubutu, ko ba sa karantuwa, galibi saboda takarda ta maƙale ko an saka ta a juye. Naɗi mai tsawo yana da wata illar: yana ajiye ƙuri'u bi da bi, don haka wanda ya rubuta jerin yadda mutane suka shiga zai iya gane ƙuri'ar kowa. Firintar da ke yanke kowace ƙuri'a ta faɗa cikin akwati a rufe ta fi. Haka ta Indiya take yi, bayan ta nuna takardar daƙiƙa 7 a bayan gilashi.

Na uku shi ne bin diddigi. A Indiya, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2019, ana ƙirga takardun rumfuna biyar a kowace mazaɓar majalisar jiha a gwada da na'ura. A Amurka, Jihar Colorado ta bi wata hanyar tun 2017: ana jefa 'yan lido masu fuska goma a bainar jama'a a samu lamba mai tsawo, lambar ta zaɓo ƙuri'un da za a ciro, a duba su da ido. Idan rata tana da faɗi, ƙuri'u kaɗan sun isa. Idan ta matse, a ƙara, har ya kai ga ƙirga duka. Jihar Georgia ta ƙirga kusan ƙuri'u miliyan 5 da hannu a 2020. Wanda ya ci bai canza ba, amma an gano dubban ƙuri'u da ba a shigar ba a wasu gundumomi, wasu saboda an manta ba a loda katin memori ba. Da zaɓen 2018 ne, lokacin da jihar ke amfani da na'urori marasa takarda, da babu abin ƙirgawa.

Kotun Ƙolin Namibiya ma a 2020 ta ce amfani da na'ura ba tare da takardar shaida ba ya saɓa wa doka, ƙasar ta koma takarda.

Tambaya: Kuɗin buga ƙuri'u a kowane zaɓe ba kaɗan ba ne. Ba gara a sayi na'ura sau ɗaya a huta ba? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, ba a saye sau ɗaya. Na'urar takan yi shekara goma zuwa goma sha biyar, batirinta bai kai haka ba, kuma a duk tsawon rayuwarta kwanaki kaɗan take aiki. Sauran lokacin tana sito, sito kuma yana son sanyi, da rashin ƙura, da mai gadi, da wanda zai riƙa cajin batir lokaci zuwa lokaci don kada ya mutu a kwance. Ga kuɗin lasisin manhaja da kamfani ke karɓa duk shekara, ga horar da ma'aikatan wucin gadi kafin kowane zaɓe, ga motar da za ta kai kaya ba tare da ta farfasa allo ba. Kuma tun da mun ce sai da takarda, kuɗin takarda bai tafi ko'ina ba.

Georgia ta ba da kwangilar dala miliyan 107 a 2019 don na'urori kusan 30,000 da kayan da ke tare da su. Ireland ta kashe sama da yuro miliyan 50 a kan na'urori masu maɓalli, ta gwada su a 'yan mazaɓu a 2002, ta yi shekaru tana biyan kuɗin ajiya, a 2012 ta sayar da su a matsayin gwangwan a kan kusan yuro 70,000. A Kinshasa, gobara ta cinye kusan na'urori 8,000 a sito ɗaya a Disamban 2018, aka ɗage zaɓen da mako guda.

Lissafin da ya fi muhimmanci shi ne na layi. Da takarda, idan mutane suka yi yawa sai a ƙara wurin dangwale, kwali ne da tebur. Da na'ura, kowane mai zaɓe yana riƙe da kayan kuɗi masu yawa har ya gama. Ɗauki rumfa mai masu rajista 750 a Najeriya, daga ƙarfe 8:30 zuwa 2:30, minti 360 ke nan. Idan kowa ya ci minti ɗaya da rabi, na'ura ɗaya mutum 240 za ta sallama. Ko rabin masu rajista ne suka fito, sai an samu biyu, kuma idan ɗaya ta tsaya layin ya ninka. Rumfuna 176,846 ne a zaɓen 2023. Na'ura biyu a kowace, a misalta dala 1,500 kowace ɗaya, ya haura dala miliyan 530, ba a sa na ko-ta-kwana ba, ba a sa batir ba.

Inda na'urar ke da hujja mai ƙarfi shi ne inda 'yan takara suka yi yawan da takarda ba ta ɗauka. Hujjar Kwango ke nan, domin a wasu mazaɓun Kinshasa ƙuri'ar 'yan majalisa takan kai shafuka masu yawa.

Tambaya: Ni makaho ne. Duk zaɓe sai na tafi da ɗana ya dangwala mini, ban taɓa yin zaɓe a asirce ba. Ina jin masu sukar na'urar nan ba su tuna da irinmu. Daga wani malami a Katsina.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, ƙorafinka yana kan hanya, kuma shi ya sa dokar Amurka ta 2002 ta wajabta aƙalla na'ura ɗaya da mai naƙasa zai iya amfani da ita shi kaɗai a kowace rumfa. Sai dai allon kansa ba ya yi wa makaho komai, gilashi ne sumul. Abin da ke aiki shi ne kayan da ke jikinsa: abin sawa a kunne da ke karanto sunaye, da ɗan faifan maɓallai masu siffa daban-daban da hannu ke ganewa, da damar kashe allon don kada na baya ya leƙa. Mai raunin gani yana ƙara girman rubutu ko ya mai da shi fari a kan baƙi. Wanda hannuwansa ba sa aiki akwai bututun da yake hurawa ko ya zuƙa, ko manyan maɓallai biyu da ake takawa. Mai keken guragu yana bukatar tebur da gwiwarsa za ta shiga ƙarƙashi, da allo mai lanƙwasowa.

Ga inda abin ke lalacewa. Sau da yawa na'urar tana nan amma ba a haɗa ta ba, ko ma'aikaci bai san yadda ake kunna muryar ba, saboda horon da aka ba shi bai taɓo wurin ba. Sauraron dogon jerin 'yan takara yana cin lokaci mai yawa idan babu maɓallin ƙara sauri da na tsallakewa. Idan na'urar ta buga takarda, makaho ba zai iya duba ta ba sai in tana iya sake karanta takardar ta faɗa masa abin da ke jiki, kuma wanda ba ya iya riƙe takarda sai wani ya kai masa akwati, sirrin ya tafi. Sannan idan mutum biyu ne kawai suka yi amfani da ita a rumfa, takardarsu kuma ta bambanta da ta kowa a girma, wajen ƙirga an san tasu. Maganin wannan shi ne takardar ta zama iri ɗaya da ta sauran, a kuma riƙa tura wasu masu gani su yi amfani da na'urar.

A nan gida akwai ƙarin sharaɗi: muryar ta yi Hausa da sauran harsunan masu zaɓe, kuma a sa wanda ya san sunayen ya karanta su. INEC ta fara raba jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi, wadda ake zura takardar a ciki, amma tana amfanar wanda ya koyi rubutun ne kawai, kuma makafi da yawa ba su samu wannan karatun ba. Ra'ayinmu shi ne a bar jama'a su dangwala da hannu, a ajiye na'ura mai murya ɗaya a rumfa wadda ke buga irin takardar kowa.

Tambaya: Kakata ba ta taɓa riƙe babbar waya ba. Za ta iya? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Za ta iya idan allon ya nuna alamar jam'iyya babba, takara ɗaya a shafi ɗaya, kuma an bar ta ta gwada a kasuwa ko ƙofar mai unguwa kafin ranar. Haɗarin shi ne "bari in taimaka miki", domin mai taimakon nan ya ga ƙuri'arta, wataƙila ma shi ya zaɓa.

Tambaya: Idan aka kawo irin wannan na'ura mazaɓarmu, me wakilin jam'iyya zai sa wa ido? Daga wani ejan a Bauchi.

Amsa: Aikinka yana farawa tun kafin ranar zaɓe. Ka halarci gwajin da hukuma ke yi, ka nemi a jefa wa kowane ɗan takara adadi daban, misali na farko ɗaya, na biyu biyu, na uku uku. Idan aka ba kowa biyar, ko an musanya sunaye jimillar za ta fito daidai, ba za a gane ba. Ka rubuta lambar kowace na'ura da lambar hatimin da aka liƙa a murfin katin memori da na firinta.

Da safe ka gwada lambobin da abin da ka rubuta. Hatimin da ya yage ko lambarsa ta canza, a ajiye na'urar gefe, a rubuta. Kafin mutum na farko ya shiga, a buga takardar sifili da ke nuna kowa yana da 0, ku sa hannu. Ka duba cewa allon ya juya wa layi da taga baya. Ka tambayi abin da ke buɗe na'urar ga kowane mai zaɓe, kati ne ko maɓallin jami'i, domin idan babu abin da ke kulle ta bayan ƙuri'a ɗaya, mutum ɗaya zai iya zaɓe sau da yawa. Duk bayan awa ɗaya ko biyu, ka gwada adadin da ke jikin na'ura da adadin waɗanda aka tantance. Idan ta tsaya ko batir ya mutu, ka rubuta lokaci da adadin da take nunawa kafin kowa ya taɓa ta, ka kuma tambaya tun da safe ko an kawo ƙuri'un takarda na ko-ta-kwana da yawansu.

Da an rufe, a buga sakamako a rumfar kafin a zare kati ko a tura komai, a ƙirga takardun akwati a gabanku, a gwada da na na'ura. Idan sun saɓa, a rubuta duka biyun a takardar sakamako. Ka karɓi kwafinka mai sa hannu, ka ɗauki hotonsa, ka rubuta lambar sabon hatimin da aka rufe katin da akwatin da shi, sannan ka bi motar har wurin tattara sakamako.